Tsarin da Koci Ya Rubuta Mini da Jan Biro

Jama'a, ku matso kusa, yau ba ni da ƙarfin ɗaga murya. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuta a ƙarƙashin labarina na wancan makon cewa na yi dacen miji, in riƙe shi hannu bibbiyu, don Allah dawo ki ɗauki shawararki. Na riƙe, kuma yanzu za ki ji abin da na riƙo.

Wanda yau ya fara shigowa, bari in taƙaita masa. Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana. Shekarata ashirin da biyar, ina aiki a wani kantin magani, daga safe zuwa la'asar ina miƙa wa mutane maganin mura da na ciwon kai. Buri ɗaya gare ni a duniya: in shiga rundunar ceto ta ruwa, masu rigar nan ruwan lemo da ke kutsawa cikin ambaliya su fito da mutane. Shekara uku ke nan da ruwa ya ci layinmu, ni da Umma muka wuni a kan rufi, kuma mace ce, mace kamata, ta zo da ƙaramin jirgi ta sauko da mu. Tun daga ranar ban sake son wani aiki ba.

Sau ɗaya suke ɗaukar mutane a shekara, wanda ya cika ashirin da shida kuwa sun rufe masa ƙofa. Ke nan ni bana ce ko babu. Gwajin farko shi ne mita dubu biyu a kan injin tuƙi, kuma dole mace ta gama ƙasa da minti takwas da rabi. Kika ƙara daƙiƙa ɗaya, sai su yi miki murmushi su nuna miki hanyar fita.

In ba ki taɓa ganin injin ba, ba wani abin kallo ba ne. 'Yar kujera ce mai zarya a kan dogon ƙarfe, ki ɗaure ƙafafunki a gaba, ki kama mariƙi mai sarƙa ki ja, fanka tana huci, wani ƙaramin allo kuma yana gaya miki gaskiyar da ba ki tambaye shi ba. Kamar kina tuƙa kwalekwale ne, sai dai duk wahalar da za ki sha, bangon da ke gabanki ba ya matsowa.

Sai kuma Koci. Abokin Yayana ne, shi ke horar da mutane a gidan motsa jikin da ke saman benen da kantinmu yake, kuma shekara guda ke nan yana nemana. Dogo ne, mai sanyin murya, irin wanda in ya ce miki dare ya yi ba kya leƙa taga. Umma ba ta kiransa da komai sai "ɗana". Ya so a yi aurenmu kafin ƙarshen shekara, ni kuma in na ci gwajin nan wata tara zan yi a sansanin horo, nesa da gida. Ranar da na gaya masa, sai ya yi dariya.

"Wata tara kawai? Ki je, Kyaftin, ina nan ina jira. Ni da hannuna zan kai ki."

Daga ranar ya laƙaba mini Kyaftin, ni kuwa kaina ya kumbura har hijabi ya fara yi mini kaɗan.

Washegari ya kawo mini takarda. Tsarin horo ne na mako goma sha biyu, da jan biro, cikin rubutunsa mai kwanciya gefe, a ƙasa ya zana 'yar zuciya.

"Wannan naki ne ke kaɗai," in ji shi. "Kar ki nuna wa kowa. Sauran ba za su iya ɗauka ba."

Jama'a, sai da na kai aka lulluɓe mini takardar nan da leda kamar shaidar gama makaranta. Kullum tana cikin jakata, tsakanin tawul da gorar ruwa. Litinin mita ɗari biyar sau takwas, da iya ƙarfina. Talata dubu biyu cur, kamar ranar gwaji. Laraba minti ɗaya wuta, minti ɗaya hutu, har sau ashirin. Haka abin ke tafiya har Lahadi, wadda ya rubuta wa "mai sauƙi", sauƙin kuwa ɗari biyar ne sau shida. A gefen fankar akwai wani ɗan hannu mai lamba ɗaya zuwa goma da ke ƙara nauyin ja, kullum shi da kansa yake sunkuyawa ya tura mini shi kan goma. Ni kuma in ce a raina, kai, mutumin nan yana ji da ni.

Da farko abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na fara da minti takwas da daƙiƙa hamsin da takwas, cikin mako uku na sauko arba'in da ɗaya. Saura daƙiƙa goma sha ɗaya! Har rawa na taka a tsakar falonmu. Daga nan sai keken ya fara komawa baya. Barci ya gudu, abinci ya fita a kaina, ƙasan bayana ya riƙe kamar an sa masa kwaɗo. Mura ta kama ni sau biyu a wata ɗaya, ni mai sayar da maganin mura. Wani dattijo ya tambaye ni ko za a sha ƙwayar kafin cin abinci ne ko bayansa, na daka masa tsawa, sai da mai kanti ya kira ni gefe. In na yi wa Koci ƙorafi sai ya taɓa gefen kansa da yatsa.

"Gajiya a nan take, Kyaftin. Ki ƙara ƙaimi."

In na koma gida kuma Umma tana nan da man zafi da tawul da ruwan ɗumi a roba. Ta kwantar da ni a kan dogon kushin, ta gasa mini bayan, tana cewa, "Ki dai bi abin da ɗana ya ce miki, shi ya san aikinsa." Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

Akwai wata yarinya da ke hawa injin da ke kusa da nawa, ɗalibar koyon jinya, ita ma gwajin nan za ta yi, ita ma Koci ne ke horar da ita. Ni na sa mata suna Rediyo. Baiwar Allar nan za ta hau inji ta yi minti hamsin tana ja a hankali kamar mai jan guga a rijiyar da ba a jiran layi, waya a kunne, tana ba yayarta labarin malamansu tun daga mai sanƙo har zuwa mai tari. Ni ina gefe ina fitar da rai, gumi yana ɗiga daga haɓata, ita ko tsakiyar hijabinta bai jiƙe ba. Ranar Lahadi ma ba ta zuwa sam. In na kalle ta sai in taɓe baki, in ce Allah sarki, Koci ya ga ba ta da rabo ne ya bar ta tana wasa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Jiya Asabar, saura kwana goma sha tara, Koci ya ce mu yi gwajin gwaji, mu biyu kafaɗa da kafaɗa. Na sa baƙin wandona mai faɗi da doguwar riga ruwan toka da shi ya saya mini, da ƙaramin hijabin wasanni, na ɗaure igiyar kambas ɗina har sau biyu. Ya tura hannun fankata kan goma. Na ga Rediyo ta sunkuya ta ajiye nata a kan huɗu, har na so in yi dariya.

"Ku shirya. Ja!"

Na fita kamar an harbo ni. Ɗari biyar na farko na ba ta tazara. Kafin mu kai dubu ƙafafuna suka zama na aro, ƙirjina yana zafi, bakina yana ɗanɗanon ƙarfe. Ita kuwa fankarta tana huci iri ɗaya, huu, huu, ba ta ƙara ba ta rage. A dubu da ɗari biyu ta wuce ni. A ɗari biyar na ƙarshe ta buɗe wuta, na ji injinta yana ruri, sai kuma ya yi shiru alhali ni da sauran tafiya.

Allonta ya nuna takwas da ashirin da shida. Nawa tara da shida.

Tara da shida, jama'a. Mako tara ina kashe kaina, na fi ranar da na fara lalacewa. Na zame daga kujerar na kwanta a ƙasa, kumatuna a kan roba mai warin takalmi, na ce wa kaina, Auta, ke dai ba ki iya ba. Ba kowa aka halitta wa rigar nan ba. Koma ki ci gaba da miƙa maganin mura.

A ɗakin canza kaya na zauna a kan benci ina kuka, tawul a fuska. Sai na ji an zauna kusa da ni.

"'Yar uwa, ba shisshigi ba," in ji Rediyo, "amma yaushe rabonki da hutu?"

"Hutun me? Ni ba wasa na zo yi ba."

Ba ta ji haushi ba. "Na sani. Ranar da kika fara zuwa sai da na gaya wa yayata an kawo mana doki. Yanzu kuwa idanunki sun faɗa. Wa ya rubuta miki tsarinki?"

"Koci mana. Nawa na musamman ne."

"Mu gani."

Ya ce kar in nuna wa kowa. Amma wadda ta ja tara da shida wane sirri ya rage mata? Na zaro takardata mai leda. Ita ma ta zaro tata daga aljihun jaka, duk ta tattakure, da tabon shayi a gefe. Muka shimfiɗa su a kan bencin. Rubutu ɗaya ne, mai kwanciya gefe. Tata da shuɗin biro.

Ta fara karanta tawa, leɓenta yana motsi. Ta kai Laraba ta ɗago ta dube ni, ta koma ta kai Lahadi, sai ta dafe ƙirji.

"Innalillahi. Kullum? Mako tara?"

"Kullum."

"Ina dogon ja a hankali? Ina ranar hutu? Ina makon sauke kaya?"

"Mene ne kuma makon sauke kaya?"

Sai ta turo mini tata. Kwana huɗu a mako dogon ja ne, minti arba'in zuwa awa ɗaya, ja goma sha takwas zuwa ashirin a minti, hannun fanka a kan huɗu. Ranar wuta ɗaya ce tak a makonnin farko, daga baya ta zama biyu, kuma ba sa bin juna. Lahadi ya rubuta HUTU da manyan baƙaƙe har ya ja layi biyu a ƙasa. Duk mako na huɗu a rage aikin da rabi. Dubu biyun da nake ja sau biyu a mako, ita sau ɗaya take jansa a wata.

"Ya ce mini dubu biyun nan numfashi ne ke tuƙa shi, ba ƙarfin dantse ba," in ji ta. "Numfashi kuma a hankali ake gina shi, kamar tushen gida, ranakun wutar nan rufi ne kawai. Ya ce in ina ja ban iya magana ba, to na yi sauri, in rage. Shi ya sa kike jina ina zuba. Kin ɗauka son surutu ne?" Ta yi 'yar dariya. "To, akwai son surutun ma."

Ban yi dariya ba, don idona yana kan saman takardarta. Da hannunsa ya rubuta: *Kullum da safe, kafin ki sauko daga gado, ki ƙirga bugun zuciyarki na minti ɗaya. In ya haura na kullum da goma, ranar ki huta, jikinki bai warke ba.* A ƙasa kuma, daidai inda ya zana mini zuciya, ita ya rubuta mata: *Sannu sannu kwana nesa.*

Ashe ya sani. Ba kuskure ba ne, ba rashin iya aiki ba ne. Mutumin ya san hanya sarai, ya ɗora wata a kai, ni ya nuna mini daji.

"Ba zan yi miki ƙarya ba," in ji Rediyo, ta riƙe hannuna. "Tushen da ba a gina a mako tara ba, ba zai ginu a kwana goma sha tara ba. Amma ke da ƙarfinki kika zo, gajiya ce ta danne shi. Kwana huɗu kar ki ko kalli inji. Ki ci, ki yi barci. Daga nan mu ja tare a hankali. In gajiyar ta ɗaga, Allah kaɗai ya san abin da ke ƙarƙashi. Riƙe takardar, ni na haddace ta."

Kun san abin da ya fara zuwa mini a rai? Kun sani mana, mata ne ku. Na dubi yarinyar nan sama da ƙasa, na ce shi ke nan, sonta yake. Ita yake so ta ci, ni in faɗi. Har na fara auna hancinta da nawa. Allah ya yafe mini, yarinya tana share mini hawaye ni ina neman inda zan cije ta.

Na fito na same shi yana goge injina da tsumma.

"Koci, gobe in huta?"

"Hutu, saura kwana goma sha tara?" Ya girgiza kai yana murmushi. "Zo ki ga inda matsalar take. Na ɗauke ki bidiyo."

Ya miƙo mini wayarsa, wani ya kira shi wajen masu ɗaga ƙarfe, ya ce in kalla yana zuwa. Ina kallon kaina a allo, bayana a lanƙwashe, bakina a buɗe, sai saƙo ya sauko daga sama. Ni fa sunan Rediyo nake jira. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Sunan da na gani shi ne *Umman Kyaftin*.

*Ɗana, ya gwajin yau? Ta yi ƙasa kamar yadda ka ce?*

Umma tsohuwar malamar makaranta ce, ita kaɗai na sani da ke sa waƙafi da alamar tambaya a saƙon waya. Ban gama haɗiye wannan ba na biyu ya sauko.

*Bayanta ya fara ba ni tsoro. Tunda dai ba za ta kai ba, ko za ka sassauta mata?*

Ban taɓa saƙon ba. Na tsaya har ya koma sama ya ɓace, bidiyon yana ta tafiya, ni a ciki ina ta ja. Da ya dawo na miƙa masa wayarsa da hannu biyu.

"Kin ga matsalar?"

"Na gani," na ce. "Wallahi na gani."

Yadda na sauko daga benen nan, yadda na tsaya a kanti har la'asar ina ba mutane magani ban ba wani na wani ba, wannan ikon Allah ne.

Da na shiga gida komai yana inda yake. Labulen falo a zuge rabi, fankar sama tana juyi da ƙararta, robar ruwan ɗumi a kan ƙaramin tebur, kwalbar man zafi a buɗe. Umma tana zaune da ɗankwalinta mai ɗigo-ɗigo, ta naɗe hannun riga.

"Sannu, Autata. Zo kwanta in gasa miki."

Na ture robar gefe. Na ajiye takardun biyu a kan teburin, ja a dama, shuɗi a hagu.

"Umma, ke malama ce. Sa gilashinki ki duba mini. Wacce aka rubuta wa ɗalibar da ake so ta ci?"

Ta dubi takardun, ta dube ni. Ba ta ɗauki gilashin ba. Hannunta da ke riƙe da tawul ya sauka a cinyarta.

"Na ga saƙonki," na ce. "Wayar tana hannuna."

Na ɗauka za ta musa. Da ta musa ma da na samu abin yi wa ihu. Sai kawai hawaye ya gangaro mata.

"Ranar da matar nan ta sauko da mu daga rufi," in ji ta, "ke rigarta kike kallo. Ni hannunta na kalla, rawa yake yi. Ta ajiye mu, ta juya ta sake komawa cikin ruwan nan mai jan motoci. Na ce a raina, wannan ma fa 'yar wata ce, uwarta tana can tana jiran waya. Auta, ni ba zan iya zama uwar nan ba."

"To ki hana ni mana, Umma! Ki ce ba ki yarda ba, mu yi rigimarmu a fili!"

"Sau nawa na hana ki?"

Gaskiyarta, ta hana, na yi ta magiya har ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Amma duk da haka.

"Kullum ki gasa mini baya. Kullum ki ce in bi abin da ya ce. Kina shafa mini man zafi kin san wanda ke karya ni, kin san gobe ma zai ƙara!"

Ta rufe fuska da tawul ɗin. Ni kuma, ku ji wauta irin ta mai so, a daidai lokacin zuciyata tana can tana gina wa Koci uzuri. Ai Umma ce ta matsa masa. Ai surukarsa ce, yaya zai yi mata musu? Ai shi ma a tsaka mai wuya yake. Har na faɗa da bakina.

"Kin san ba zai iya ce miki a'a ba, shi ya sa kika ɗora masa."

Umma ta sauke tawul ɗin, ta dube ni da jajayen idanu.

"Ni? Ina na san wani ɗari biyar sau takwas? Ni kuka kawai na yi masa, na ce ya lallashe ki, tunda kina jin maganarsa. A kan kujerar nan yake zaune. Ya ce, Umma, lallashi ba ya cin Auta. In muka hana ta, har abada za ta riƙe mu a rai, ni kuma ba zan zauna da matar da ke ganin na tare mata hanya ba. Ki bar ni da ita. Akwai yadda ake horar da mutum ya yi ta yin ƙasa yana ganin sama yake yi. Da kanta za ta ajiye, ta ɗauka ita ce ba ta iya ba."

Ta ɗauka ita ce ba ta iya ba.

Jama'a, ciwon bayan nan zai warke. Ko gwajin na faɗi, wataƙila wata rana in haƙura. Amma jiya da safe ina kwance a ƙasa, kumatuna a kan roba, kalmomin nan na gaya wa kaina, ɗaya bayan ɗaya, kuma na yarda da su. Ashe ba nawa ba ne. Tun mako tara da suka wuce ya rubuta mini su, a falonmu, yana shan shayin Ummata. Da jiya ban nuna takardar nan ba, da haka zan aure shi, in haifa masa 'ya'ya, in riƙa ba su labarin yadda babansu ya yi iya ƙoƙarinsa a kaina amma ni ce ban kai ba. In riƙa gode masa! Wannan ne ya ƙona ni, kuma har yanzu da nake rubutun nan yana ci.

"Yayana fa?" na tambaya. "Ya sani?"

Umma ta sunkuyar da kai tana murza bakin tawul. Na kwashe takarduna na shige ɗaki na murza mukulli.

Da magariba saƙonsa ya shigo.

*Kyaftin ɗina, kar gwajin yau ya karya miki gwiwa. Gobe ƙarfe shida, ɗari biyar sau shida, mai sauƙi ce. Ina alfahari da ke.*

Da 'yar zuciya ja a ƙarshe. Na karanta sau uku, ban ba shi amsa ba. Na kashe ƙararrawar wayata, karo na farko cikin mako tara. Na zare takardar jan biro daga jakata na jefa ƙarƙashin gado, ta Rediyo kuma na manna a jikin madubi, da tabon shayinta da komai.

Yau Lahadi jikina da kansa ya tashe ni, ya saba da bauta. Ban sauko ba. Na tuna lokacin da aka duba lafiyata don cike takardar neman aikin, ma'aikaciyar jinyar ta ce bugun zuciyata sittin ne, har ta yaba. Na ɗora yatsu biyu a gefen wuyana kamar yadda shuɗin biro ya ce, idona a kan agogon bango.

Shida da minti biyar wayar ta fara ruri a kan filo. Koci. Ta katse, ta sake. Na kife ta, na jira zuciyata ta lafa kafin in sake ƙirga. Shida da rabi na ji tsayuwar mota a ƙofar gida, na san ƙarar injinta ko a mafarki. Ko Umma ce ta gaya masa asiri ya tonu, ko zuwa ya yi ya kai ni in ƙarasa karyewa, ban sani ba. Lissafina ya rikice, na sake farawa daga ɗaya.

Aka ƙwanƙwasa ƙofata a hankali.

"Auta," in ji Umma, muryarta a dashe. "Ya zo. Yana waje."

"Ya jira, Umma. Ina ƙirga."

Saba'in da tara. Ya haura da goma sha tara. Na dubi madubi, ga umarnin nan da rubutunsa mai kwanciya gefe: *ranar ki huta, jikinki bai warke ba.* To, Koci, yau dai zan bi maganarka, wadda ka rubuta wa wadda kake so ta ci. Na ja bargo har wuya. Saura kwana goma sha takwas, kuma huɗun farko na barci ne, ko gidan nan zai kife.

Sai na ji an buɗe ƙofar falo. Na ji sallamarsa da muryar nan mai sanyi, na ji ya cire takalmi a bakin ƙofa kamar kullum. Na kasa kunne in ji me uwar da ta haife ni za ta ce wa mutumin da ya yi mako tara yana karya mata 'ya.

"Shigo, ɗana," in ji Umma. "Tana ciki."